Mai Salka Ya Yi Busa Bakinsa a Rufe

Matan zumunta, yau na ga mutum yana busa da takunkumi a baki!

Yau aka kai jikata Rabi ɗakinta a Madinat Khalifa. A gidanmu ba a fitar da amarya shiru kamar gawa. Da algaita aka fitar da ni, da ita aka fitar da uwarta. To ina mai algaita a Doha? Na sa aka nemo min wani ɗan Pakistan a Sanaiya, unguwar masana'antu, mai busa wata salka da sanduna a jikinta.

Ya fara ke nan, sai ga mai gadin gininmu, ɗan Sakkwato. "Hajiya, khalas, a tsaya haka! Korona! In aka cire takunkumi a nan, kafil, uban aikina, korata zai yi."

Na ce, "Ɗan nan, ba zan raba ka da aikinka ba. Amma Rabi ba za ta fita shiru ba."

Ni kuwa na riga na lura, ko ya cire baki salkar ba ta daina kuka. Na ce wa mai salkar ya koma motarsa shi kaɗai, ya hura ta ta cika tam, ya mayar da takunkumi.

Ya dawo ya matse ta a hammata. Kai, ƙara! Na ce, "Yalla, maza ku fito da amarya!" Sau uku iska na ƙarewa, sau uku na tsayar da amarya har ya ciko.

Mai gadi ya ce, "Amma Hajiya..."

Na ce, "Dubi bakinsa. A buɗe yake?"

Da busa Rabi ta shiga mota!