Ranar da Aka Zaro Ni Daga Cikin Jar Motata

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tuna su, amma ranar da aka zo sayen jar motata ba ta cikinsu. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Ina saurayi na sayi motar, a wata shekara da tumatur ya yi tsada, gonata ta bakin kanal ɗin ban ruwa kuma ta yi kyau. Cikin sa'o'ina da suka samu a shekarar, wani ya ƙara fili, wani ya sayi injin ban ruwa, wani ya yi aure. Ni kuwa na shiga Kano na dawo da mota ja wur, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Irin waɗanda aka ƙera don gudu kawai ce, ko kwandon tumatur ɗaya ba ya shiga bayanta. Da yayana ya gan ta, sai ya zagaya ta ya ce, “Wannan mota ce ko takalmi?” Ban kula shi ba. In na taka ta a kan kwalta daga Kura zuwa Garun Malam, ji nake duk Kano babu na biyuna.

Shekaru suka tura. Na yi aure, na tara iyali, na ajiye tumbi. Motar ta koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar gida, a lulluɓe da tamfol, sai jefi-jefi nake fito da ita. Kaji ma sun mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Duk da haka kullum da safe sai na ɗaga tamfol na leƙa ta, domin gaskiya ina son motar nan so mai tsanani.

Ni da Yaya tare muke noman rani, kuma abin da ke cin mu a kowace shekara shi ne abin ɗaukar kaya. Mu tsinke tumatur, mu jera kwanduna a bakin gona, mu yi ta jiran motar haya har rana ta dafa rabinsa. A shekarar da nake ba da labari, Yaya ya samo wata akori-kura ta hannu a Bunkure, mai ita ya yarda zai jira mu zuwa farkon tsinka. Yaya ya kawo nasa kason, nawa kuwa babu inda zai fito sai a jikin jar mota. In ban sayar ba, akori-kura ta wuce mu, tumatur ya sake ruɓewa a bakin kanal. Na san da haka sarai. Sai na ce to, a kawo mai saye.

Amma ina da dabarata. Kowa ya san addini ya ɗora wa mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. To, ni sai na riƙe wannan hukunci hannu bibbiyu. Duk wanda dillali ya kawo, sai in zaunar da shi a kan tabarma, in gyara murya, in fara: tana shan mai, tana zafi, ba ta tashi sai an tura, birkinta sai an yi masa magana sau biyu, kayan gyaranta kuwa sai an aika kudu. Kafin in kai rabi mutum ya fara laluben takalmansa. Dillalin har ya gaji ya ce, “Alhaji, aibi aka ce a faɗa, ba tarihi ba.” Uwar yarana kuwa, da take jiyo ni ta bayan katanga, cewa ta yi, “Malam, wannan tsoron Allah naka a kan motar nan kaɗai yake tashi? Ranar da ka kai akuyar nan mai tari kasuwa ban ji ka yi wa'azi ba.” Na ce mata ba ta san kan ciniki ba.

Ana gab da fara tsinka, wata rana da hantsi, dillali ya iso da wani yaro daga birni. Wando a yage a gwiwa, baƙin tabarau, waya a hannu. Amma yana da ladabi, don har ƙasa ya durƙusa ya ce, “Baba, ina kwana.” Baba! Sai da na waiga in ga ko akwai wani dattijo a bayana. Yaya yana zaune a gefe, na ga ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Aka yaye tamfol, yaron nan ya dafe ƙirji ya ce, “Kai! Kai! Kai!” Na zaunar da shi na fara karatuna. Na ce tana shan mai. Ya ce, “Ba matsala, Baba.” Na ce sai an tura. Ya ce yana da abokai. Na ce ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai wani ya buɗe maka ta waje. Ya yi dariya ya ce ai wannan ma gata ne. Duk aibin da na jefa masa sai ya cafe da murna. Har na fara ƙirƙiro waɗanda babu, na tuna da maganar akuya, na fasa.

Sai ya faɗi maganar da ta jawo komai. Ya leƙa cikin motar, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Amma Baba, kana ƙoƙari fa. Wallahi ban san yadda kake iya shiga cikinta ba. Irin wannan ai sai mu.” Babu raini a muryarsa, shi a ganinsa yabo ne. Ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa. Na ce a miƙo mini mukulli, yau zan nuna masa yadda ake tuƙa ta. Yaya ya ce, “Ba yaron ya gwada mana, ai shi zai saya.” Na ce, “Yaya, bar ni.”

Rabon da in shiga motar an yi watanni. Na tattare babbar riga, na cire hula, na sa ƙafa ɗaya, na saki jiki na faɗa kujera. Na ji wani ɗan ƙas a bayana, na yi kamar ban ji ba. Yaron ya shiga gefe, samarin unguwa suka tura, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama da wani irin ruri da ya watsa kaji. Maimakon in hau kwalta, sai na karya kan hanyar bakin kanal, don manoma su gan ni. Hanyar burji ce mai gargada, amma na taka totur kamar ina da shekara ashirin da biyar. Gonakin tumatur da na alkama suna wucewa fuu, masu ban ruwa suna ɗago kai, yaron yana ihu yana ɗauka a waya. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a wannan ɗan lokaci ya daɗe bai ziyarce ni ba.

Na manta da kwalbatin da ke kusa da filin da ake lodin tumatur. Ko da na gan shi na taka birki, shi kuwa birkin yana jiran magana ta biyu. Motar ta tashi sama, ta dawo ƙasa tim. Salansar motar ta cire ta kama gabanta, ni kuma wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har tsakar ka. Da ƙyar na gangara da ita tsakiyar filin, ta mutu a nan, gaban 'yan dako da dillalan tumatur da masu sayar da abinci.

Yaron ya yi tsalle ya fita yana tafi, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Na yunƙura, ƙugu ya ce bai san zance ba. Na sake yunƙurawa, na ga taurari da rana tsaka. Sai na gyara fuska na ce masa ya bar ni, ina sauraren injin. Ya ce, “Baba, ai a kashe take.” Na ce a kashen ake gane lafiyarta.

Yaya da dillali suka iso a kan babur. Dillali ya ga yaro ya kamu, ya sunkuyo ta taga ya faɗi tayi. Na ce albarka. Yaron ya ƙara, na ce albarka, gumi yana bin wuyana. Mutane suka fara taruwa, don ba a saba ganin ana ciniki mai kaya yana ƙunshe cikin kayansa ba. Yaya ya ce, “Fito mana mu yi magana a inuwa.” Na ce nan ma da iska. Haka na yi ta noƙewa, ina fatan jama'a su watse in san yadda zan yi da kaina. Sai aka kira azahar.

Yaya ya dube ni ya ce, “To, mai tsoron Allah, fito mu yi salla.” Nan dabara ta ƙare. Na yafito shi, ya kawo kunne, na ce, “Yaya, rufa mini asiri, ƙuguna ya riƙe.” Ai kuwa ya miƙe ya sanar da duk filin.

Kowa ya zama gwani. Wani ya ce a tura kujera baya, aka tarar ƙarfenta ya yi tsatsa. Wani ya ce a kwance sitiyari, tunda tumbina ya shige ƙarƙashinsa. Wata mai ƙosai ta ce ga man gyaɗa in za a shafa. Daga ƙarshe 'yan dako ne suka ce a ba su wuri, ai sun saba da kaya mai wuyar fita. Ɗaya ya shiga ta ɗaya ƙofar ya tallafo bayana, biyu suka kama hammata, wani ya ja ƙafa, suka haɗa baki suka yi kirarinsu na ɗaga buhu, suka zaro ni ina salati da ƙarfi. Suka shimfiɗe ni a kan tamfol a gefen motar. Wata Bafulatana mai fura ta leƙo ta ce, “Sannu, Baba.” Wannan karon ban waiga neman kowa ba.

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, tuni ya mayar da wayarsa aljihu. Ya durƙusa yana yi mini fifita da kwali, idonsa duk tausayi. Daga inda nake kwance na dubi motar, karo na farko ina kallonta daga ƙasa. Fenti ya koɗe, bamba a ɗaure da waya, baƙin mai yana ɗiga. Ga ta a yashe, ga ni a yashe. Sai na gane duk aibin da na yi ta lissafa wa mutane, babban ban taɓa faɗa ba, wato mai ita ya tsufa.

Dillali bai ko jira na huta ba. Ya tsuguna a kaina ya ce, “Alhaji, yaya, har yanzu albarka?” Na ce, “Na sallama.” Ya ce, “Jama'a, kun ji?” Suka ce sun ji. Hawaye suka zubo mini, mutane suka ɗauka ciwon ƙugu ne, ni kuma na bar su a haka.

A amalanken shanu aka mayar da ni gida, a kwance kan tattakar shinkafa, muna tafe a hankali ta hanyar da na keto da gudu ɗazu. Uwar yarana ta tarbe ni da sannu, ta ɗora ruwan gashi. Sai da ta shiga madafa na jiyo ta, dariya take har da tari. Tsinkar tumatur ta shekarar a kan katifa ta same ni, Yaya ne ya yi ta jigila da akori-kurarmu, kuma ko kwando ɗaya bai kwana a bakin gona ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan, kuma shi nake faɗa wa duk sa'ana da na ga ya ƙanƙame wani abu da zamaninsa ya wuce, mota ce, ko kujera, ko sana'a. In lokacinka da abu ya ƙare, miƙa shi kana tsaye da ƙafafunka, da hularka a kanka. In ka ƙi, rabuwar dai za a yi, sai dai zaro ka za a yi a gaban jama'a.