Muƙabalar Malam Aƙilu

Duk unguwar Kusfa an san Malam Aƙilu da naci. Mahaifinsa mai kwafar littattafai ne da hannu, kuma a zaurensa Aƙilu ya koyi abin da ake kira muƙabala: in an gama kwafar littafi sai mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafin, harafi bayan harafi. Littafin da ba a yi wa muƙabala ba, a wurin tsohon, takarda ce kawai aka ɓata.

Aƙilu bai gaji alƙalami ba. Gyaran rediyo ya koya, daga baya ya buɗe shagon ɗaukar kaset a Ƙofar Kibo. Amma halin gida ya biyo shi. In ya ɗaukar maka kaset sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe kafin ya miƙa maka, ko da kuwa motar Kaduna na jiranka. Mutane su yi ta mita, gobe kuma su dawo. A shekarar 1999 ya sayi tsohuwar kwamfuta mai karanta faifan nan mai ƙyalli da ake kira sidi, maƙwabta suka ce to, nacin ya samu sabon gida.

Wata Laraba da hantsi Hajiya Hajara, malamar firamare da ta yi ritaya, ta shigo da faifai ƙunshe a hankici. Shekara ashirin da suka wuce wani mai bincike ya naɗi muryar mahaifinta, marigayi Malam Yari, yana rera wata waƙar wa'azi da ya tsara. Kafin mai binciken ya rasu ya aiko mata da faifan, ƙwaya ɗaya tak. Ita kuwa, saboda tsananin so, ta cire faifan daga kwalinsa ta ajiye a kwalla tare da awarwaronta. Awarwaro suka yi masa zane iri-iri.

"Malam Aƙilu, ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan," in ji ta. "Kullum na sa sai ya ƙara tsalle. Ka cire mini ita kafin ta tafi."

Ya sa faifan, kwamfuta ta kwashe shi cikin 'yan mintoci, ta ce ta gama. Suka saurara, waƙa ta tafi sumul. Hajiya ta share ido ta miƙe tana godiya.

"Hajiya, ba a yi muƙabala ba."

"Muƙabala kuma? Ai ba littafi ba ne. Na ji da kunnena."

"Kunne yakan yi wa mutum kara. Ki ba ni kwana uku."

Ta tafi ranta bai so ba. Gaskiya ni mai ba ku labarin nan, da ni ne, da na bar shi haka.

Aƙilu ya sake kwasar faifan karo na biyu, ya sa kwamfuta ta gwada kwafin biyu ɗigo da ɗigo. Ba su zo ɗaya ba. Tsakanin baiti na tara da na goma sun saɓa. Nan ya gane cewa injin in ya iske zane ba ya cewa ya kasa. Tsallakewa yake yi ya liƙe bakin wurin, ya yi shiru abinsa. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, domin mai kwafar da mahaifinsa ya fi tsana ke nan, wanda zai tsallake layi ya ƙi barin alama.

Ya wanke faifan, ya shafa masa ɗan man goge baki da auduga daga tsakiya zuwa gefe, ya rage wa injin gudu har ƙasa. Kwafi na uku ya saɓa wa na huɗu. Na biyar ya zo da nasa daban. Masu jiran kaset suka gaji suka koma shagon gaba. Sai a rana ta uku kwafi na takwas da na tara suka yi daidai, babu bambancin ko ɗigo, kuma sun fi na farko tsawo da daƙiƙa huɗu.

Da Hajiya ta zo bai yi mata bayani ba, ya dai kunna. Baiti na tara ya ƙare. Maimakon na goma ya biyo kamar da, sai tsohon ya yi ɗan tari, muryarsa ta sauka daga ta rerawa zuwa ta cikin gida, ya ce, "Hajara, miƙo mini ruwan nan, 'yar albarka."

Hajiya ta amsa kafin ta tuna inda take. "To, Baba."

Aƙilu ya mai da kansa ga wata rediyo da ba ta buƙatar gyara, ya bar ta ta yi kukanta. Da ta natsu, ta ce ya sake mayar mata da wurin.