Muryar Baba da faifai na shida

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da na goge muryar mahaifina da hannuna.

Muna ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, shekara guda kafin mu gudo, Baba ya ce in bi shi gona da wayata. Muka zaga gonar tattasai tun daga goruba mai reshe biyu har inda ake kafa injin ban ruwa. Yana tafe yana dogara sanda, yana faɗa da Barbarci: nan ne iyakarmu da gidan wane, nan kakanka ya binne dutse, wane da wane ne shaidu. Ni kuwa ina biye da shi ina ɗaukar magana. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, waya ce takardata.

Baba ya rasu a Assaga, inda muka yi zaman gudun hijira. Da aka fara komawa noma bayan shekaru, sai muka tarar an sare gorubar, ambaliya kuma ta shafe kunyoyi. Ɗan baffana ya riga ni zuwa, ya dasa tattasai a ɓangaren bakin ruwa, ya ce na ubansa ne. Shaidun nan wasu sun mutu, wasu ba a san inda suke ba. Bulama, wato mai garinmu, ya ce kowa ya kawo hujjarsa ranar Juma'a bayan masallaci. Hankalina kwance, don wayar ta daɗe da mutuwa amma katinta mai ɗauke da muryar na nan ƙulle cikin leda. Sai na yi tunanin a sa muryar a faifan sidi, tunda gidan bulama akwai na'urar kallon faifai, kuma ƙannena da ke Gagamari kowa ya samu nasa.

Ƙanen matata yana aiki a wani biro, wato ofis, cikin Diffa, yana da tsohuwar kwamfuta a gida. Na sayi faya-fayai goma a kasuwa na tafi wurinsa ranar Talata da hantsi.

"Mijin yaya, kai dai zauna ka ga aikin ƴan boko," in ji shi. "Kafin shayi ya tafasa an gama."

Shayi ya tafasa har sau uku. Faifai na farko, wani koren layi ya yi ta rarrafe, da ya kai rabi sai ya tsaya, kwamfutar ta turo faifan waje kamar mai yi mana gwalo. Rubutun Faransanci ya fito da jan gicciye.

"Me ta ce?"

"Ta ce an samu kuskure."

"Na wa?"

"Ba ta faɗa ba. Wataƙila naka, da ka sayo faifan da ya sha rana a kan tebur."

Ya goge na biyu da gefen riga, ya hura masa iska, shi ma ya lalace. A na uku ya rage gudun na'urar, ya ce a bi ta a hankali kamar tsohuwar jaka. Ta kusa kaiwa ƙarshe aka ɗauke wuta. Muka zauna har la'asar muna kallon bango. Da wuta ta dawo ya buɗe wurin sa faifai ya busa ciki da ƙarfi, sai jan gari ya taso, muka kama atishawa har da hawaye. Ashe a ɗakin nan yake ajiye buhunan tattasan da nake kawo musu.

"Ka gani? Tattasanka ne ya makantar mini da inji."

Na yi dariya. Faifai na huɗu ya lalace, na biyar ya bi shi. Kuma duk lokacin da ya sa katin, sai kwamfutar ta yi ƙorafi, ya ce wai tana cewa akwai cuta a ciki, a wanke shi.

Washegari na dawo. Ya ce ya gano wata dabara. Ya buɗe katin ya jawo wasu ƴan hotuna zuwa faifai na shida. Na lura kowane hoto yana da ƴar kibiya a gindinsa, wadda ban gani ba jiya. Na kuma lura da lamba. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, lambobi kam na san su. Jiya lambar da ke nuna nauyin maganar doguwa ce, yau kuwa biyu ce tak. Bakina ya buɗe zan tambaya, sai na ji kunya. Ni da nake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ni zan gyara wa mai biro? Na haɗiye maganar.

Kafin ƙiftawar ido koren layin ya cika. Ya danna, sai ga muryar Baba ta cika ɗakin, har da tarinsa, har da kukan injin ban ruwa a nesa. Matar gidan ta leƙo tana salati. Babu wanda ya tuna cewa katin yana nan soke a jikin kwamfutar.

"To, yanzu a wanke katin nan kafin ya kashe mini inji," in ji shi. "Zo ka danna da kanka, ka ce ka taɓa aiki da kwamfuta."

Na miƙa yatsa na danna, duk abin da ke cikin katin ya goge. Da na koma gida na ba matata katin, ta kai aka cika mata shi da wa'azi.

Ranar Juma'a zauren bulama ya cika. Aka sa faifan a na'ura, ta yi ta juyi, shiru. Aka fitar aka goge aka mayar, shiru. Ɗan baffana ya gyara zama.

"Yaya, ko Baba ya fasa ba da shaidar ne?"

Wasu suka yi dariya, bulama ya tsawatar. Ya dube ni da tausayi ya ce ya ƙara mini kwana bakwai.

Na kai faifan da katin wurin wani mai gyara a kasuwar Diffa. Ya duba bai fi minti biyu ba ya girgiza kai.

"Malam, babu murya a faifan nan. Ka ga masu kibiyar nan? Alama ce kawai mai nuna hanya, kamar allon bakin titi da aka rubuta Diffa. Allon ai ba shi ne garin ba. Ranar da kuka ji ta, daga katin take fitowa."

"To katin fa?"

"Da wankewa kawai aka yi, da na gwada. Amma an zuba wasu abubuwa a kanta, sun danne ta."

Na roƙe shi ya gwada duk da haka. Kwana biyu yana nema, abin da ya tono bai wuce numfashi uku ba, ƙarar iska ce da takun sanda, babu kalma ko ɗaya. Na karɓi katin na koma gida. Ƙanen matata ya zo gida yana kuka kamar yaro, na ce masa ya bari, don na san abin da idona ya gani na yi shiru.

Bulama ya raba wurin yadda ya ga dama-dama, bakin ruwan ya faɗa hannun ɗan baffana. Gona ƙasa ce, na haƙura da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƴaƴana ƙanana ba za su taɓa jin yadda kakansu yake magana ba, ni ma kuma muryar ta fara dushewa a kunnena.

Abin da na koya ya zo mini da tsada. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari: kada ka goge na asali sai kwafin ya yi magana a wani gida, a wata na'ura. Kuma in idonka ya ga abin da bai gane ba, ka tambaya, ko da za a yi maka dariya. Dariyar yini ɗaya ce, shirun da na yi kuwa har yau ina cikinsa.