Ranar da Na Raka Ɗan Bayahude Kibiya

Kano

Kafin ladan ya kira assalatu muka tayar da mota, ni da Alhaji Dauda. Shi ya riƙe sitiyari, don direbansa ya aiko cewa cikinsa na ciwo, mu kuwa mun san tsoro ne. Ni ba ɗan siyasa ba ne. Tare muka fara sayar da fata muna samari, shi ya sa na kasa barinsa ya tafi shi kaɗai.

Mahaifin Dauda Bayahude ne, ya zo daga ƙasashen Larabawa sayen gyaɗa zamanin Turawa, ya auri 'yar Kibiya, ya rasu Dauda na goye. Wasu sun ce ya musulunta kafin auren, wasu sun ce a'a. Dauda dai a hannun kawunsa ya tashi, ya sauke Alƙur'ani, ya yi arziki da fata da injin casar shinkafa. Da mulkin farar hula ya dawo, ya tsaya takarar majalisar tarayya ya ci. Sai aka ƙaddamar da Shari'a, zaɓe na biyu ya matso, abokan hamayya suka baza cewa ɗan Yahudawa ne, an turo shi ya rusa ta. Aka aiko masa cewa in ya taka Kibiya ba zai fita da rai ba. Ya ce ranar kasuwa zai je.

Bunkure

Mun yi sallar asuba a Karfi. Gab da Bunkure muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur ya leƙo, ya gane shi.

"Ranka ya daɗe, da ka juya. Tun jiya ake wucewa da samari a a-kori-kura."

"Na gode, ɗan'uwa. Buɗe mana."

Daga nan duk bangon da muka wuce akwai hotonsa, an ƙwaƙule idanun.

Rano

Rana ta ɗaga muka shiga Rano. Muka zauna gun mai shayi, ya soya mana ƙwai bai ko dube mu ba, mutanen da ke kan benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Shugaban jam'iyya da ya yi alkawarin raka mu, aka ce ya tafi ta'aziyya Rurum. Na ture ƙwan gefe.

Na ce, "Alhaji, don Allah mu koma. Kujera ce fa."

Ya ce, "Malam Sani, in na koma yau, 'ya'yana ma ba za su ƙara zuwa garin kakarsu ba. Ga tasha can in kana son sauka."

Na dubi tashar, har na ji ƙafata ta motsa. Na dai shiga mota.

Kibiya

Da hantsi, a bakin kasuwa, muka iske an gindaya itace a titi. Samari suka fito da gora da adda. Dutse ya fasa gilashin gaba, ya sami Dauda a goshi. Na ji warin fetur, na waiga na ga wani da galan.

Dauda ya buɗe ƙofa ya fita, jini na sauka kan babbar rigarsa.

Wani dogo ya daka masa tsawa: "Faɗa wa jama'a, waye ubanka?"

"Bayahude ne," in ji Dauda. "Ba ni na zaɓe shi ba, kuma ba zan zage shi don ƙuri'a ba. Uwata na kwance a maƙabartarku. Ku bari in yi mata addu'a, sannan ku yi abin da ya kawo ku."

Bai jira amsa ba ya kama tafiya, na bi shi. Suna biye da mu, ina jin jan adda a ƙasa, ina jiran saukarta a wuyana. A bakin kabarin ya durƙusa ya ɗaga hannu. Wasu dattawa da suka baro rumfunansu suka tsaya bayanmu suna cewa amin, suka shiga tsakaninmu da samarin. Kafin mu shafa, hayaƙi ya turnuƙe daga wajen kasuwa. Motar ce aka cinna wa wuta.

Komawa

Wani mai motar haya ya yarda ya ɗauke mu, muka matsu tsakanin buhunan dawa. Da muka fita gari ya dubi Dauda ta madubi.

"Alhaji, wai gaskiya ne abin da ake faɗa?"

"Gaskiya ne."

Ya ce, "To ku sunkuya, akwai wasu a kwanar gaba." A sunkuye muka wuce Rano.

Mun iso Kano bayan la'asar, aka ɗinke masa goshi. Ya ci zaɓen da ƙyar, ya ƙarasa wa'adinsa, bai sake tsayawa ba. Na gode wa Allah da Ya dawo da mu, na gode wa dattawan Kibiya, da mai motar hayar nan da tsoro ya hana ni tambayar sunansa.