Kawu Ƙaro da Lasifikar Hagu

Kawu Ƙaro direban bas ne har ya yi ritaya, kuma rugugin inji ya tafi da rabin jinsa. Shi ya sa duk wanda ya kunna rediyo kusa da shi sai ya ce a ƙaro, har sunan ya bi shi. A falonsa akwai kayan sautin da ya saya tun yana saurayi: rikoda mai cin kaset, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti wadda sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa, da lasifika biyu kowacce ta kai ƙugun mutum. Ta hagu ta daɗe da yin shiru, har Inna, matarsa, ta shimfiɗa mata ƙyalle ta ɗora fulas ɗin shayi a kai. Kawu ya ce tsufa ne, bai taɓa leƙa bayanta ba.

Da rikodar ta fara tauna masa kasakasai, sai 'ya'yansa suka kawo masa kwamfuta don a kwashe waƙoƙin a ciki. Nan rigima ta tashi a kan babbar manhajar da za a ɗora mata. Babbar 'yarsa, wadda ke aikin ofis, ta ce a sa irin wadda kowa ya sani, in ta rikice ko maƙwabci ya iya dubawa. Surukinsa kuwa, malamin lissafi mijin autarsa, ya dage a kan wata ta kyauta, wadda yake yi wa mutane wa'azinta ko a wajen suna. Kawu bai fahimci ko ɗaya ba, amma ya lura gardamar na kawo masa baƙi, sai ya riƙa ba kowa gaskiya a bayan idon ɗaya.

Surukin ne ya riga. Ya ɗora tasa, ya durƙusa bayan kabad zai haɗa kwamfutar da amfilifaya, sai ya ga wayar lasifikar hagu tana lilo, ya mayar da ita mazauninta. Aka kunna. Falon ya ɗauka gaba ɗaya, fulas ya yi rawa ya faɗo.

"Ka ga manhaja mai albarka," in ji Kawu. "Abin da ya mutu tun kafin a yaye matarka, yau ta tashe shi."

Surukin ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya dubi fuskar yayar matarsa, ya fasa. Ya ce ai kaɗan ma Baba ya gani.

Inna dai ta ɗauki fulas ɗinta ta fita. Ita ce ta zare wayar shekaru da suka wuce, don lasifikar tana jingine da bangon ɗakinta. Washegari ta yi shara mai kyau a bayan kabad, ta hagu ta koma barcinta. Kawu ya kira surukin ya shaida masa cewa manhajarsa ba ta da dogon numfashi.

Babbar 'yar ta zo da murna ta ɗora tata. Ita ma ta leƙa bayan kabad, ta ga wayar, ta ɗago sai ga Inna tsaye a kanta.

"Ki taɓa ki gani," Inna ta ce a hankali.

'Yar ta yi ta juya wayar a hannu, tana auna kunya a gaban mijin ƙanwarta da fushin uwarta. Daga ƙarshe ta bar ta a ƙasa, ta gaya wa Baba cewa tata manhajar ba ta yin abin al'ajabi, aiki kawai take yi. Kawu ya ce ya lura.

Bayan wani lokaci murfin kaset ya faɗa masa bayan kabad, ya sa hannu ya lalubo shi tare da wayar. Bakin wayar a lanƙwashe yake tsaf, an ma naɗe shi da zaren ɗinki irin na Inna. Ya jira Inna ta tafi unguwa, ya haɗa wayar, ya ɗaure ta da salatif, ya tura lasifikar har bakin ƙofar kicin. Da ta dawo ya ce mata ya ga tana son sauti kusa da ita ne.

Inna ta dube shi, ta dubi lasifikar, ta shiga ɗaki ta fito da kasakasanta na wa'azi cike da leda, ta ce tunda haka ne a fara da nata. Tun daga ranar safiya tata ce, yamma tasa.

Kwamfutar kuwa an raba ta biyu, kowa ya ɗora tasa manhajar a gefe. In Kawu ya ji sallamar 'yarsa sai ya kunna tata, in surukin ne ya kunna ɗayar, ya yi ta yabo. Waƙoƙin har yanzu ba a gama kwashewa ba, don kowa ya zo sai ya ce wancan ya ɓata, ya sake daga farko.