Mahayin Kwakwar Lendek

Sunansa na yanka Sahdan, amma tun ranar da aka haifa masa 'yar fari sunan ya ɓace a bakin mutane. Kowa Amak Rumenah yake ce masa, wato baban Rumenah, matarsa kuma Inak Rumenah. Gajere ne, siriri, ƙafafunsa sun lanƙwashe ciki kamar baka saboda rungumar bishiya. Yana shekara tara ya fara hawan kwakwa. In ya ɗaura igiya a idon sawunsa, ya soke lauje a ƙugu, kafin ka gama kurɓar gahawarka sai dai ka ji muryarsa daga sama yana cewa a matsa.

Lendek a ƙarshen hanya take, can kudancin tsibirin Lombok, bayan inda kwalta ta gaji ta tsaya. Tsaunuka biyu sun rungume ta, teku a gaba. Baƙin da take samu a lokacin ba su wuce Turawa masu jakar goyo ba, waɗanda ke sauka a bukkoki shida na Haji Muksin, su yini suna hawan igiyar ruwa a kan allo, da yamma su ci shinkafa da gasasshen kifi da barkono kamar kowa, suna hawaye suna neman ƙari.

Bishiya saba'in da uku mahaifinsa ya bar masa a jere a bakin ruwa, kuma ya san halin kowace: wadda ruwanta ya fi zaƙi, wadda jan tururuwa suka mayar gida, wadda ba ta haihuwa sai ta ga dama. Shi ya sauko da kwakwa, matarsa ta goge, ta tace, ta soya mai, ranar Alhamis ta kai kasuwa. A bayan bishiyoyin, kan wani tudun rairayi, makabartar gari take. A nan ɗansu Sahwi yake kwance, wanda zazzaɓi ya ɗauka yana shekara uku. Duk safiyar Juma'a uwar takan ɗauki buta ta je ta yayyafa wa kabarin ruwa, ta cire ciyawa, ta ɗan zauna. Shekara ashirin ba ta fasa ba.

Wata shekara wata tauraruwar fim ta zo daga Jakarta. Aurenta ne ya mutu, 'yan jarida suka hana ta sakat, ta gudo ta ɓuya a bukkar Haji wata guda cur. Ba wanda ya gane ta sai matar Haji, ita ma ta kama bakinta. Kullum da safe Amak Rumenah yakan sare mata ɗanyar kwakwa, ta karɓa da hannu biyu. Yarinya ce mai ladabi, ba ya musun wannan har ya mutu. Ranar da za ta tafi ta yi kuka, ta ce, "Baba, Allah ya sa kada kowa ya gano wurin nan."

Bayan mako biyu ita da kanta ta saka hoton wurin a waya, duniya ta gani.

Da farko ƙawayenta ne suka zo. Sai mawaƙa, sai 'yan ƙwallo, sai wasu da ba a san sana'arsu ba amma jirgi mai saukar ungulu ke kawo su, ya watsa wa masunta busasshen kifinsu. Abin da suke nema ɗaya ne, wurin da ido ba ya kai gare su. To, idon mutanen Lendek ma ai ido ne. Ba a jima ba wani kamfani ya iso da masu awo da turaku jajaye. Haji Muksin ne ya fara sayar da filinsa, ya koma birni ya gina bene. Saura suka bi, wasu da murna, wasu don an nuna musu cewa ba su da takardar filin da kakanninsu suka share.

Amak Rumenah ya ƙi. Dagaci ya zo har sau uku, ya zauna a dandamalin ƙofar gida ya sha gahawa, ya tashi hannu rabbana.

"Amak Rumenah, taurin kai ba ya hana ruwa malala," in ji dagaci.

"To ya malale ta gefe. In na sayar, ina zan kai bishiyoyin? A kai zan ɗauka?"

Shekara biyu yana nan, katanga ta zagaye shi ta ɓangare uku. Abin da dagaci ya kasa, rijiya ta yi. Manyan gidajen baƙi da kamfani ya gina sun haƙa rijiyoyin burtsatse don cika kududdufan wankansu, ruwan ƙasa ya janye, na teku ya maye gurbinsa. Wata safiya Inak Rumenah ta ajiye masa gahawa, ya kurɓa ya tofar.

"Gishiri kika zuba?"

"Rijiyarka ce ta zuba," ta ce. Ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "Ni ba katangar ce ta dame ni ba. Amma mutum ba ya shan teku. Ka sa hannu. Abu ɗaya kawai za ka roƙa, kada su taɓa makabarta."

Ya dangwala yatsa. Kamfani ya cika alkawari ta fuskarsa: ba a tone kowa ba, an dai kewaye tudun da shingen furanni masu tsayi don kada baƙi su gani, aka ce masu ziyara su zo ranar Sallah, da katin shaida. Mutanen gari aka kwashe su zuwa kan tsauni, tafiyar awa guda daga ruwa, gidajen bulo iri ɗaya da rufin kwano. Ƙasar wurin tsakuwa ce, rogo ma da ƙyar. Ranar Juma'a ta farko Inak Rumenah ta cika butarta bisa sabo, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Sai ta juye wa tukunyar barkono ruwan.

Wata shida yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, har ƙafafunsa suka fara kumbura. Rumenah, wadda ta samu aikin wanki da guga a can ciki, ita ce ta zo da labari. Kwakwa ta faɗo taku biyu daga kan wani mawaƙi da ke kwance yana shan rana, an yi ta hayaniya da Turanci, yanzu manaja na neman mahayi ido rufe.

Manajan, Pak Hendrawan, wato Malam Hendrawan a harshensu, mutum ne mai taushin murya da farar riga. Ya bayyana masa aikin a tsanake. Ba saukar da kwakwa ake so ba. So ake kada ta yi ma. Duk fure, duk 'ya'yan da suka fara ƙullawa, a sare tun suna kamar ƙwan kaza.

"Duka, Pak?"

"Duka, Baba. Baƙinmu ganyen suke so da inuwar. Sannan ka gama kafin ƙarfe takwas. In ka ci karo da baƙo kada ka kalle shi, kada ka gaishe shi. Sun biya ne don a bar su."

Abokinsa Amak Dulasih, tsohon masunci da ya koma sayar da fetur a kwalabe, ya yi dariya har da tari da ya ji.

"Kai, mai ƙafar ƙaguwa! Ashe wanzami ka zama da tsufanka? Dandaƙar bishiya aka ba ka!"

"Kai da ka bar kifi ka koma warin mai, har kana da baki?"

"Ni dai ban yanka 'ya'yan ubana ba."

Maganar wasa ce, amma ta zauna masa a ƙirji. Duk da haka ya karɓi aikin, don matarsa ta ce, "Je ka. Ko ba komai kana wucewa ta wajen yaron. Ka riƙa yi masa sallama."

Shekara huɗu ya yi yana wannan aiki. Da asuba ya sauko daga tsauni a bayan babur ɗin surukinsa mijin Rumenah, a ƙofa kuma mai gadi, ɗan maƙwabcinsa da aka haifa a gabansa, ya duba katinsa kamar bai taɓa ganinsa ba, ya shiga. Daga ƙolin bishiya yana ganin komai. Gidaje talatin da wani abu, mafi yawansu a rufe wata goma sha ɗaya a shekara, ma'aikata na share ganye daga ruwan da ba mai shiga. Inda masallaci yake dā, yanzu wani dandamalin katako ne da mata ke miƙe-miƙen jiki da hantsi. Ya sare furannin, su zubo ƙasa farare kamar shinkafa, a share kafin baƙi su tashi. Bishiyar ƙarshe a jerin ita ce mai leƙa makabarta. A kanta yake ƙarewa, ya yi sallama, ya karanta Fatiha, in ya koma gida ya ce, "Yana nan lafiya. Ciyawa ta ɗan fito ta wajen kai." Ita kuma ta gyaɗa kai, ta ci gaba da abin da take yi.

Ciwon ya fara mata da tari, ya ƙare da kwanciya. Ba ta daɗe ba. Ana gobe za ta rasu ta kama hannunsa, ta ce, "Kusa da Sahwi. Akwai wuri ta hannun damansa, na daɗe da aunawa da idona."

Ta cika da hantsin Laraba. Kafin mata su gama wanka ya riga ya isa ƙofar katanga, da zanen sallarsa da hularsa, ba rigar aiki. Ya tarar da wurin ya cika da motoci da furanni da masu gadi baƙin fuska. Wani babban ɗan fim ne zai ɗaura aure ranar Asabar, an kama wurin gaba ɗaya mako guda, ko waya ba a shiga da ita.

Pak Hendrawan ya fito da kansa, ya kama hannunsa biyu ya yi masa ta'aziyya, har idonsa ya kawo ruwa.

"Pak, mutum goma kawai. Ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara. Ba za mu ɗaga murya ba. Rabin awa."

"Baba, wallahi da nawa ne da na buɗe. Baƙi ɗari uku ne a ciki. A ce an ga makara ana saura kwana uku biki? Ni kaina korata za a yi. Kuma ka san a takarda an rufe wurin, ba a sabon binnewa."

"Ba a karanta mini wannan ba."

"Yana ciki, Baba."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "To a ba ni rairayin wurin ko cikin leda ɗaya." Manaja ya aika, aka ɗebo. Wannan rairayin ya zuba mata a ƙarƙashin kai, bayan matasa sun kwashe awa uku suna fama da tsakuwar tsauni da diga. Amak Dulasih na gefensa, ranar ko kalma ɗaya ta tsokana ba ta fito daga bakinsa ba.

Da za a yi sadakar kwana tara bisa al'adar garin, mata suka ce ana bukatar kwakwa talatin don miya da tuwon shinkafa mai zaƙi. Amak Rumenah ya je kasuwa ya tsaya gaban mai kwakwa, ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne, ya ajiye, ya ɗauki wata. Daga wani tsibiri aka kawo su, an tsinke su ba su nuna ba. Mai kayan, wani saurayi, ya ƙosa ya ce, "Kaka, in ba ka san kwakwa ba bari in zaɓar maka." Ya ajiye wadda ke hannunsa. Ya bari aka zaɓar masa. A hanyar dawowa ne, in ji surukinsa da ya goyo shi a babur, ya ji bayan rigarsa ya jiƙe da hawayen tsohon.

Ya koma aiki bayan arba'in, don Rumenah na tsoron abin da zaman gida zai yi masa. Amma ya daina gamawa da bishiyar ƙarshe, da ita yake farawa, kuma yakan daɗe a sama har mai shara ya ɗaga kai ya kira shi. Me yake faɗa wa yaron, ba wanda ya sani.

Shekara ba ta zagayo ba kamfani ya yanke shawarar cewa tsofaffin bishiyoyin sun yi tsayi, sun zama haɗari in iska ta taso. Aka kawo injin yanka. Cikin kwana huɗu aka kwantar da saba'in da ukun, aka dasa wasu gajerun dabinai na ado da aka kawo da girmansu a mota, irin waɗanda ba sa 'ya'ya tun asali. Pak Hendrawan ya tara ma'aikata, ya yaba wa Amak Rumenah a gabansu, ya miƙa masa agogon bango mai tambarin kamfani. Aka tafa. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Bayan nan bai ƙara saukowa daga tsauni ba. Yakan zauna a rumfar Amak Dulasih yana taya shi tsiyaya fetur, su yi ta musu a kan shekarar da aka kama babban kifin nan da ya ƙi shiga kwalekwale. In baƙin motoci masu duhun gilashi suka wuce ta ƙasa, Amak Dulasih ya ce, "Ga 'yan gidanku can," shi kuma ya ce, "Ba su gaishe ka ba?" Dariyar ba ta nisa.

Damina biyu ya ƙara. Ya rasu ran wata Litinin bayan la'asar, a kan tabarma, ba doguwar jinya. Bai bar wasiyyar inda za a sa shi ba, kuma ba wanda ya je ƙofar katanga tambaya. Aka haƙa masa kusa da matarsa. Masu haƙan suka ce wannan karon ƙasar ta fi sauƙi, ruwan sama ya jiƙa ta.