Numfashi Ashirin a Kowane Gado

Shekarunta hamsin da bakwai, talatin da huɗu daga ciki a aikin jinya, kuma ita ce babbar nas a ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Abokan aiki na kiranta Mai Agogo. Ba yabo ba ne. Gado ashirin da shida ne a ɗakin, nas biyu, wani lokaci ɗaya, amma ita sai ta tsaya minti guda cur a kan kowace majinyaciya tana ƙirga numfashi. Mijinta ya ce ko barcin rana ya kwanta, yana farkawa zai gan ta a kansa tana motsa baki.

Yadda aka koya mata ke nan: a duba mutum, a gane abin da ke damunsa, a tsara abin yi, a yi, a dawo a ga ko ya yi amfani. A wurinta, in dubawar farko ta lalace, sauran duk wahalar banza ce.

Ranar Litinin ta dawo daga hutun kwana uku. A gado na tara akwai wata mai ɗinki da aka yi wa aikin ciki, ana shirin sallamarta washegari. Takardarta ta ce numfashi ashirin, sau tara a jere. Mai Agogo ta ƙirga, ta sami talatin da ɗaya. Ta sake, haka dai.

Ta kira nas ɗin da ta sa hannu.

"Ƙanwata, wannan kin ƙirga?"

"Anti, zafin jiki da hawan jini na'ura ke bayarwa. Numfashi kuwa kowa ashirin yake rubutawa. Haka na tarar."

"Wato huhu ɗaya duk ɗakin nan ke karɓa-karɓa da shi."

"Jiya ni kaɗai ce, Anti. In na tsaya ƙirga, wa zai raba magani?"

Abin da ya fi ƙona wa Mai Agogo rai ke nan. Sau huɗu tana rubuta wa shugabar nas-nas a ƙaro mutum.

Ta ɗaga kan gadon, ta sa wa matar iskar oksijin, ta bi likita har baranda. Ya leƙa takardar yana tafiya.

"Sista, ai komai daidai yake a nan."

"Likita, ba takardar za a sallama ba. Zo ka tsaya da ni minti ɗaya."

Ya ce sai ya fito daga tiyata. Sau uku tana aikawa. Da la'asar aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga ciwon huhu ya kama gefen dama. Aka fasa sallama, aka fara allura. Kafin ta tashi aiki, shugabar ta kira ta ofis: maganin rana ya makara da minti arba'in, a kiyaye.

Saura wata biyar Mai Agogo ta yi ritaya. Yau da safe ta ƙirga wa mai ɗinkin ashirin da biyu, matar har tana tambayar yaushe za a bar ta ta koma kan kekenta. Ta rubuta, ta sa hannu, ta ɗauki takardar gado na goma. Ashirin aka rubuta. Ta ajiye ta, ta ja kujera, ta fara ƙirga.